Bin sawun ayarin abokan gaba a OGame da EVE Online: aikin manhajar taimako da wuraren da take kuskure

Duk manhajar da ake haɗawa da wasan yaƙin sararin samaniya don bin sawun abokan gaba, abu uku take ajiyewa: an ga jirage kaza, a wuri kaza, da ƙarfe kaza. Ba ta da ido a cikin wasan. Abin da ɗan wasa ya gani, ko abin da kamfanin wasan ya yarda a sani, shi take tattarawa ta jera maka. Cikin ukun nan, lokaci ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma shi ne ke cinye ayarin mutane. Taswira ta nuna jan ɗigo a kan wani wuri, mutum ya ɗauka jiragen suna nan, alhali abin da ɗigon ke faɗi shi ne suna nan minti shida da suka wuce. Aikin manhaja ta ƙwarai shi ne ta taimake ka ka juya "an gan su a can ɗazu" zuwa "yanzu ga inda za su iya kasancewa".

Wasanni biyu sun isa misali, domin sun tsaya a gefe biyu na matsalar. A OGame, wasan burauza na kamfanin Gameforge na Jamus wanda ya fito a 2002, tafiyar ayari lissafi ce tsantsa, ana iya sanin sakan ɗin da zai sauka. A EVE Online na kamfanin CCP Games na Aisilan, wanda ya fito a 2003, mutane ne ke tuƙa jiragen kai tsaye, suna iya juyawa ko da yaushe, don haka iyakar abin da za ka samu shi ne da'irar da suke ciki. Kowace rana da duniyoyin da ke kewaye da ita zan riƙa kiranta zango.

OGame: daga ina bayanin ke fitowa

Hanya huɗu ce. Ta farko shafin galaksi, inda alamar tauraro ke fitowa a kan duniya ko wata idan an yi motsi a wurin cikin minti 15 da suka wuce. Bayan haka tauraron ya koma lambar mintoci, daga 15 zuwa 59, sannan ya ɓace. Ta biyu rahoton jiragen leƙen asiri. Ta uku na'urar falanks, mai hango zirga-zirgar ayari daga nesa, da ake ginawa a kan watan da ke kewaya duniyarka. Ta huɗu fayilolin da sabar, wato kwamfutar kamfanin da wasan ke gudana a kai, ke fitarwa ga kowa: jerin maki da ake sabuntawa duk awa, jerin 'yan wasa kullum, jerin duniyoyi kuma mako-mako. Manhajoji irin su OGLight da tsohuwar Galaxytool suna ajiye abin da ka buɗe da hannunka, su haɗa shi da waɗannan fayiloli. TrashSim kuwa kwaikwayon yaƙi take yi da rahoton da ka ba ta.

Tun daga nan ka lura da tazarar. Duniyar da mutum ya kafa jiya ba za ta fito a jerin mako-mako ba, watan da ya samu shekaranjiya ma haka. Idan manhaja ta ce wane ba shi da wata kusa da kai, buɗe shafin galaksi ka duba da kanka kafin ka yarda.

Rahoton leƙen asiri yana zuwa hawa-hawa. Idan matakin binciken leƙen asirinku ɗaya ne, jirgi 1 zai nuna maka dukiya kawai, 2 su nuna ayari, 3 su nuna kariya, 5 gine-gine, 7 bincike, wato matakan fasahar da ya kai. Idan ya fi ka mataki, ka ninka bambancin da kansa ka ƙara a kan waɗancan lambobi. Kana mataki 10 yana 12, bambanci 2 ne, ninkinsa 4: kana bukatar jirage 6 kafin ka ga ayari, 11 kafin ka ga bincike. Matsalar da ke biyo baya babba ce. Rahoton da bai kai hawan ayari ba, ba ya cewa babu jirage, shiru kawai yake yi. Wasu manhajoji, ko teburin da mutum ya haɗa da kansa, sukan cike gurbin da sifili, kwaikwayon yaƙi ya nuna nasara ba asara, a tura ayari ya faɗa bakin kura. Kafin ka kwafi rahoto zuwa ko'ina, tabbatar sashen ayari da na kariya sun fito da kansu.

Bincike na ɗan wasa ne gaba ɗaya, ba na duniya ɗaya ba. Saboda haka kada ka tura jirage 11 babban birninsa inda ayarinsa ke zaune, inda damar a kama su ta fi yawa. Nemi ƙaramar duniyarsa da babu jirage, a can za ka karanta matakin injinansa cikin sauƙi.

Lissafin tafiya

Nisa yana da ƙa'ida. Tsakanin galaksi biyu, 20,000 sau yawan galaksin da ke tsakani. Cikin galaksi ɗaya, 2,700 a tara da 95 sau yawan zango. Cikin zango ɗaya, 1,000 a tara da 5 sau yawan gurbin duniya da ke tsakani. Daga duniya zuwa watanta, 5 kacal. Gudun ayari kuwa gudun jirgin da ya fi kowa nauyin jiki ne. Kowane matakin injin ƙonawa yana ƙara kashi 10 cikin 100 na gudun asali, injin imfals kashi 20, injin haifasifes kashi 30.

Lokacin tafiya a cikakken gudu: ninka nisa da 10, raba da gudu, danna √ a kalkuleta, ninka da 3,500, ƙara 10, sannan raba da saurin sabar. Ga misali. Kana zango 120, abokin gaba yana 135, wato zango 15. Nisa 2,700 da 1,425, ya zama 4,125. Jirgin yaƙi batilshif gudunsa na asali 10,000 ne, da injin haifasifes mataki 8 ya zama 34,000. A sabar mai sauri 1, tafiyar sakan 3,865 ce, awa 1 da minti 4 da sakan 25. To a ce injin ya hau mataki 9 bayan rahoton da manhajarka ta ajiye. Gudu ya koma 37,000, tafiya ta koma kusan sakan 3,706. Minti 2 da sakan 40 ke nan suka ɓace daga lissafinka saboda mataki ɗaya, a harkar da sakan 3 ke raba nasara da asara. Idan kuma an saka distiroya, jirgin yaƙi mai nauyin jiki, ko da guda ɗaya ce a ayarin, gudun ya faɗo 17,000 a mataki 8, tafiya ta kai awa 1 da minti 31.

Akwai sauran abubuwan da ke taɓa gudu: ajin da ɗan wasa ya zaɓa, ƙarin da binciken halittu ke bayarwa a sabbin fitowar wasan, da kuma cewa sabobi da yawa suna da sauri daban na hari da na tafiyar lumana. Wasu sabobin kuma zangon ƙarshe, 499, yana haɗe da na 1 kamar zobe, don haka daga 495 zuwa 5 kusa ne. Duk waɗannan sai an saita su a manhaja daidai da sabar da kake ciki. Ni a ganina, duk inda za ka iya auna tafiya da abin da ka gani, ka fifita shi a kan lissafi. Idan falanks ta nuna maka lokacin isar hari da lokacin komawarsa gida, bambancin su shi ne ainihin tsawon tafiya, ba ka bukatar sanin injin kowa.

Falanks da tarbar ayari mai komawa gida

Zurfin ganin falanks shi ne mataki sau mataki a ɗebe 1. Mataki 4 yana kai zango 15, mataki 5 zango 24, mataki 6 zango 35. Kowane dubi yana cin diyuteriyam, wato makamashin jirage, 5,000 daga watan da na'urar take. Tana nuna ayarin da ke zuwa wata duniya ko ya tashi daga cikinta. Duniya kawai take dubawa, ba ta duba watan duniya. Ayarin da ya tashi daga wata zuwa wata ba ya fitowa, haka ma wanda aka aika don sauya masa mazauni sannan aka kira shi ya dawo. Ƙwararru da waɗannan hanyoyi suke ɓoye jiragensu idan za su kwanta. Falanks da ta dawo fayau ba shaidar cewa mutum ba shi da ayari ba ce. A nan jerin maki na soja ke da amfani, domin yana nuna yawan jiragen ɗan wasa. Idan jerin ya ce yana da jirage 4,000, rahotanninka na duk duniyoyinsa sun tara 300, sauran suna sama.

Ayarin da ya juyo gida ba a iya tsayar da shi ko a sauya masa hanya, shi ya sa ake tarbarsa. Ka rubuta sakan ɗin saukarsa, ka ƙara sakan 2 ko 3, ka ɗebe tsawon tafiyarka, abin da ya rage shi ne lokacin da za ka danna tashi. Idan ka isa kafin shi, duniya ba kowa za ka tarar, kuma ka tona kanka. Idan ka makara da sakan 15, mai ayarin da ke zaune a gaban allo ya sake tura shi. Idan lokacin da ya rage ya fi tafiyarka tsawo, ko ka jira ko ka rage gudu. Ayarin misalinmu a rabin gudu zai ɗauki sakan 7,720. Jira ya fi, domin tun daga lokacin da ka tashi yake ganin harinka, tsawon tafiya kuwa tsawon lokacin da ka ba shi ne ya kira abokansa su zo su yi maka kwanton ɓauna.

Dubi ɗaya ba ya isa. Kafin harinsa ya isa inda ya nufa, yana iya kiransa ya dawo, lokacin komawar ya sauya gaba ɗaya. Idan harin haɗin gwiwa ne, wanda ya shigo daga baya yana iya jinkirta isar duka. Ka duba sau ɗaya da farko, sau ɗaya da zarar lokacin isar ya wuce, sau ɗaya dab da tashinka, sau ɗaya kuma lokacin da kake da sauran damar janyewa. Diyuteriyam 20,000 ke nan, kuma dole ya kasance a kan watan tun kafin a fara. Agogon da za ka bi na sabar ne. Manhajar da ke ƙirga da agogon kwamfutarka, idan agogon ya zame da sakan 4, duk ƙirgar ta zame.

Kada a manta da jiragen kwasar tarkacen da yaƙi ke bari. Gudunsu na asali 2,000 ne, don haka sau da yawa su ake fara turawa. Batilshif 100 sun ci ƙarfe da kiristal miliyan 6. A sabar da ke barin kashi 30 cikin 100, tarkacen miliyan 1.8 ne, kowane jirgi yana ɗaukar 20,000 kafin ƙarin bincike, wato jirage 90.

Wanda ke tashi daga wata fa? A nan ne tarihin motsi da manhaja ke ajiyewa ya fi komai daraja. Idan kullum alamar motsi a watansa tana mutuwa wajen ƙarfe 23:10, kuma wani tarkacen da ke wani zango ya ɓace ƙarfe 03:10, tafiyar awa 4 ce, komawa wajen 07:10. Wannan ƙiyasi ne mai faɗin mintoci, sai an maimaita lura kwanaki kafin a matse shi. Abin da ke ɓata shi: leƙen asirinka da kansa yana kunna alamar motsi a wurin da ka leƙa. Idan kai da abokan ƙawancenka kuna ta aika jirage, manhaja za ta cika da motsin da ku kuka haddasa, ta nuna mutum a farke alhali yana barci. Ku ware waɗanda za su leƙa da lokacin da za su leƙa.

Gameforge tana da jerin manhajojin da ta amince da su. Wadda ke sabunta shafi da kanta, ko ta aika jirage, ko ta buga ƙararrawa idan hari ya taso, tana jawo rufe asusu. Duba jerin kafin ka saka komai.

EVE Online: da'ira maimakon sakan

A nan tushen bayani mutane ne. Ƙawance kan buɗe zauren hira na rahoto, duk wanda ya ga baƙo ya rubuta sunan zango, sunan matuƙi da irin jirgi. Ana rubuta nv idan an ga suna ba a ga jirgi ba, clr idan wuri ya yi tsit. Wasan yana ajiye hirar a fayil cikin foldar Documents, ƙarƙashin EVE, logs, Chatlogs, muddin an kunna ajiyar hira a saituna. Manhajoji irin su SMT da RIFT wannan fayil suke karantawa, su ciro sunan zango, su haska shi a taswira, su yi ƙara idan ya matso kusa da kai.

Mafi yawan lalacewar a fayil ɗin take. Zauren dole ya kasance a buɗe a cikin wasan, in ka rufe shi rubutu ya tsaya. Duk shiga sabuwa tana buɗe sabon fayil, wani lokaci manhaja ta maƙale wa tsohon. OneDrive yakan ɗauke foldar Documents zuwa wani wuri, manhaja ta ci gaba da kallon inda babu komai. Mugun abin shi ne duk waɗannan kamanninsu ɗaya da zaman lafiya: taswira shiru. Don haka kafin ka fito da jirgi mai tsada, jira rahoto ɗaya ya shigo zauren, ka ga ya fito a taswira. Sai matsalar rubutu. Sunayen zangon yankin da babu tsaro haruffa ne da lambobi, irin HED-GP da 1DQ1-A, mutane kuma gajarta su suke yi. Harafi ɗaya ya kauce, manhaja ta tsallake rahoton ko ta haska wani zango daban. Lokacin da ke jikin rahoto na wasan ne, wato UTC.

Yadda za ka karanta shekarun rahoto: ƙananan jirage masu sauri sukan ƙetare zango cikin ƙasa da minti ɗaya, manyan kuma sun fi haka. Ƙa'idar aiki mai kyau ita ce ka ɗauki kowane minti a matsayin ƙofa ɗaya ko fiye, wato mashigar da ke haɗa zango da zango. Rahoton minti 4 daga ƙofa 5 yana nufin suna iya kasancewa a maƙwabcinka. Saita ƙararrawa a ƙofa 5 ko 6 idan jirginka mai jinkirin juyawa ne, kuma ka sa launin rahoto ya dusashe bayan minti 10 zuwa 15, in ba haka ba taswira za ta yi ja ko'ina har ido ya daina kula.

Ƙirgar ƙofa ba ta kama kowa. Manyan jirage masu tsalle da shekarar haske suke aunawa: da cikakken horo, jirgin Black Ops na kai 8, jirgin kariya (carrier) da diretnot 7, taitan 6. Zangon da ke ƙofa 20 daga gare ka yana iya zama cikin tsalle ɗaya. Buɗe taswirar tsalle ta shafin Dotlan, saka zangonka, ka ga ko mazaunin abokan gaba yana cikin da'irar. Idan yana ciki, baƙo ɗaya mai ɗauke da fitilar saino, wadda manyan jirage ke tsallowa zuwa gare ta, daidai yake da ayari guda. Ramukan wamhol, wato gajerun hanyoyi na wucin gadi, da filamen, kayan da ke jefa ayari wani zango, ma suna sauke mutane a tsakiyar yanki ba tare da sun bi ta gaban kowa ba.

Don sanin abin da ayari ya ƙunsa, ana amfani da di-sikan, na'urar jirgi mai jera abin da ke kewaye da kai. Iyakar nisansa AU 14.3 (AU ɗaya shi ne nisan duniyarmu da rana), kusurwa daga digiri 5 zuwa 360. Ka danna cikin sakamakon, Ctrl+A, Ctrl+C, ka liƙa a shafi irin dscan.info, ya ƙirga maka su iri-iri. Ka yi haka da jerin sunayen zauren zango, wato zauren hira mai jera duk wanda ke cikin zangon, ka ga ƙawancen kowa. Sannan ka kwatanta lambobin biyu. Suna 40 a zaure, jirgi 25 a sikan: 15 ɗin nan suna cikin tasha, ko sun fi nisan sikan, ko suna da layar zana, wato na'urar ɓoye jirgi, ko kuma suna cikin Curse, Rook, Huginn ko Lachesis, waɗanda di-sikan ba ya gani sam. Akasin haka ma yana faruwa, jiragen da aka ajiye ba matuƙi su kumbura lissafi. Tacewar da ka saka a sikan tana iya ɓoye wani nau'i gaba ɗaya, don haka mai leƙen asiri ya ware tacewar da ke nuna dukkan jirage. A cikin jerin, fara neman jiragen gyara irin Guardian, Basilisk, Scimitar da Oneiros, domin yawansu ne ke faɗin ko za a iya karya ayarin. Sai Sabre mai jefa kumfar hana gudu, sai Falcon, Arazu, Rapier ko Pilgrim, masu iya kunna saino.

Shafin zKillboard tarihin jiragen da aka kashe ne: jiragen da matuƙi ya saba hawa, kayan da aka samu a jikin waɗanda ya rasa, su wa yake tafiya da su, da awannin da ya fi fitowa. Yana da amfani ƙwarai wajen gane mai saino, amma sai wani daga cikin waɗanda abin ya shafa ya ba da bayanin kafin kisa ya fito a can. Alƙaluman tsalle da kisa na Dotlan kuma awa-awa suke zuwa, sun dace da gano hanyar da ake yawan bi, ba su dace da gudun ceton rai ba. A cikin wamhol, zauren zango ba ya nuna wanda bai yi magana ba, shi ya sa mazauna can suke dogara da Pathfinder ko Tripwire don zana ramuka, da kuma mutum a bakin kowane rami yana sauraron ƙarar shigowa.

Zauren rahoto mai ɗaruruwan mutane, ka ɗauka abokan gaba suna karanta shi. Kada a rubuta wurin ayarinku a ciki, kuma mahaɗin di-sikan da ya kama jiragenku tare da nasu kada ya shiga can, domin duk mai mahaɗin yana ganin komai. Dokar CCP ta bar karanta fayil ɗin hira, da abin da ka kwafa da hannunka, da ESI, hanyar karɓar bayanan wasa da kamfanin ya buɗe wa manhajoji. Manhajar da ke leƙa ƙwaƙwalwar wasan ko ta danna maɓalli a madadinka haramtacciya ce. Idan wata ta nemi izinin ESI, shafin shiga na CCP zai jera abin da take son gani. Taswira tana bukatar wurin da kake, wataƙila da jirgin da kake ciki. In ka ga ta nemi wasiƙu ko asusun kuɗi, kada ka ba ta.